TARIHIN NETWOK A KANO: Abin Da Wata Tsohuwar Kwamfuta Ta Koya Min A Ƙofar Ruwa



Yau darasin namu zai ɗan yi tsawo, don haka ka gyara zama. Kullum idan waya ta ƙi buɗe WhatsApp ko Facebook, magana ɗaya muke yi: "Babu netwok." To amma ka taɓa tambayar kanka ta ina netwok ɗin yake biyowa kafin ya iso hannunka, kuma a wane wuri yake maƙalewa? Ni ma da nake gyaran waya ban gane abin sosai ba sai da aka kawo min wata kwamfuta da ta kusa girme ni.

YADDA ABIN YA FARO

Shagona yana nan Ƙofar Ruwa, ba nisa da kasuwar ƙarafa da kayan gini. Wata ranar Talata wani dattijo mai sayar da rodi ya zo, jikansa na ɗauke da kan kwamfuta irin ta tebur, duk ta yi ƙura. Ya ce min, "Yaro, an ce ka iya waɗannan abubuwan. So nake wannan ta hau intanet kamar da."

Na ce, "Baba Alhaji, ai ni mai gyaran waya ne. Kuma wannan ko 'yan jari-bola sai sun yi tunani kafin su saya."

Bai yi dariya ba. Ya ce abokin kasuwancinsa ne ya rasu, ana shirin rabon gado, kuma akwai jarin da suka haɗa tun wajen 2008 suka yi odar kaya daga waje. Lissafin abin da kowa ya zuba yana cikin saƙonnin imel da suka yi a lokacin, kuma da wannan kwamfutar yake buɗe su. Ya ce, "Marayu ne. Ba na so in rage musu ko sisi, kuma ƙwaƙwalwata ba kamar da ba."

Daga nan na ajiye wayar da nake canja wa gilashi. Kwamfutar Pentium 4 ce 'yar Kwatano, da Windows XP a kanta. Kwana biyu na yi da ita. Matsala biyar na samu, kuma kowacce daga wani zamani na intanet a Kano ta fito. Bari in bi da kai ɗaya bayan ɗaya.

MATSALA TA FARKO: RAMIN WAYAR TARHO

Idan ka juya bayan irin wannan kwamfutar za ka ga ramuka biyu masu kama da juna, ƙarami da babba. Jikan Alhaji ya yi ta ƙoƙarin cusa igiyar rauta a ƙaramin har ya kusa fasa shi. Wannan ƙaramin ramin na modem ne, kuma wayar tarho ta gida ake soka masa.

Da na kunna Internet Explorer, sai wani akwati ya fito yana neman ya buga wata lamba da ta fara da 064. Duk ɗan Kano da ya haura shekara arba'in ya san wannan lambar, ita ce ta layukan tarho na Kano a zamanin NITEL, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985. A wancan lokacin idan kana son intanet, kwamfutarka ce za ta kira wata kwamfutar ta layin tarho kamar yadda kake kiran mutum. Maigidana da ya koya min gyara ya ce za ka ji modem ɗin yana ta ƙara, ƙiii-ƙurrr, kafin su gaisa. Idan kana kan intanet ba mai iya kiran gidan, idan wani ya ɗaga kan tarho a falo kuma komai ya yanke.

A 1992 aka kafa hukumar sadarwa ta NCC. A 1996 ta ba kamfanoni 38 lasisin sayar da intanet, kamfanin Linkserve na Legas ya fara aiki a farkon 1997. Amma a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, layukan tarho da ke aiki gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Ka ga intanet ta 'yan kaɗan ce: bankuna, manyan kamfanoni, jami'o'i, sai gidajen masu hali.

Gudunta fa? Mafi ƙarfin modem na tarho kilobit 56 yake ja a daƙiƙa, wato kamar kilobayit 7. Hoto ɗaya da wayarka take ɗauka yanzu, mai nauyin megabayit 3, sai ya ci wajen minti bakwai kafin ya sauka. Gigabayit ɗaya da kake ƙonawa a dare ɗaya a TikTok, a wancan gudun sai an yi kusan awa 40 ana jan sa, idan layin bai yanke ba ke nan.

Masu gyaran kwamfuta na lokacin sun haddace lambobin matsala kamar yadda muka haddace lambobin duba data. Idan Windows ta rubuta 680, babu ƙarar layi, wayar ta tsinke ko layin ya mutu. Idan 676 ce, layin da ake kira a cike yake. Idan 678 ce, can ɓangaren ba su amsa ba. Idan 691 ce, sunanka ko kalmar sirrinka ba daidai ba ne, ko kuɗinka ya ƙare. Lambar tana nuna maka wurin da za ka duba.

Gyaran nan mai sauƙi ne. Ka shiga Control Panel, Internet Options, sai Connections, ka zaɓi "Never dial a connection". Ka gaya wa kwamfutar ta daina kiran layin da ba mai ɗauka.

MATSALA TA BIYU: RAGOWAR ZAMANIN KAFE

Na ɗauko rautar shagona mai sim, na siyo igiyar LAN a Beirut Road, na soka a babban ramin. Fitilar wurin ta kama, kore tana ƙyaftawa. Wannan shi ne abin da ake fara dubawa ko da yaushe: idan fitila ba ta kama ba, matsalar igiya ce ko ramin, kar ka wahalar da kanka da saiti. Fitila ta kama amma shafi ya ƙi buɗewa.

Sai na danna Start, Run, na rubuta cmd, baƙin allo ya fito, na rubuta ipconfig. Ya nuna min adireshin kwamfutar 192.168.0.14, da kuma Default Gateway 192.168.0.1. Ita kuwa rautata 192.168.8.1 take.

Bari in yi maka bayanin wannan da abin da muka sani. A da, wanda yake cikin birnin Kano idan zai fita da kaya dole ya bi ta ɗaya daga ƙofofin ganuwa, Ƙofar Ruwa ko Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Nassarawa. Haka na'ura take. Duk saƙon da zai fita waje sai ya bi ta ƙofa ɗaya, ita ce wannan getwe ɗin. Kwamfutar Alhaji tana kai saƙonta wata ƙofa da aka rushe shekaru da yawa.

Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce a hannun wani mai kafe ya saya lokacin da zai rufe shago. Lamba 14 ɗin nan, mai yiwuwa kujera ta goma sha huɗu ce ko kusa da haka.

Zamanin kafe shi ne lokacin da talakan Kano ya fara taɓa intanet da hannunsa. Daga farkon shekarun 2000, a Zoo Road da Sabon Gari da kewayen BUK, shaguna suka cika da kwamfutoci a jere. Ka sayi tikiti na rabin awa ko awa ɗaya, ka zauna, agogo yana ƙirga maka a gefen allo. Mai son araha ya yi kwanan kafe, daga dare har asuba. A nan mutane suka buɗe Yahoo ɗinsu na farko, a nan ake cike cacar bizar Amurka bayan an mayar da ita kan intanet a 2003, daga baya rajistar JAMB da duba sakamakon WAEC da NECO da katin gogewa suka ƙara cika wuraren.

Yawancin kafe ba da layin tarho suke aiki ba, da faranti suke, wanda ake kira VSAT. Farantin yana magana da tauraron ɗan'adam da ke sama wajen kilomita 36,000. Saƙonka ya hau can, ya sauko a Turai ko Amurka, amsa ta sake hawa ta sauko Kano. Shi ya sa ko danna abu ɗaya ka yi sai ka jira fiye da rabin daƙiƙa kafin komai ya motsa. Idan hadari ya haɗu da damina, wasu farantan sai su ɗauke. Igiyar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fara aiki a 2002 kuma ta sauka a Legas, amma tsadarta da rashin igiyoyin da za su kawo ta Arewa sun sa faranti ya ci gaba da mulki shekaru.

Da yake kuɗin farantin yana da yawa, mai kafe yakan ajiye kwamfuta ɗaya a matsayin uwa, duk sauran su bi ta cikinta. Ita ake kira furoksi. Ita take raba gudun, ita take ajiye shafukan da aka riga aka buɗe don kar a sake sayo su.

Ga abin da na yi. A Network Connections na danna dama a kan Local Area Connection, Properties, Internet Protocol, na mayar da shi "Obtain an IP address automatically", haka ma na DNS. Rauta ta ba ta sabon adireshi. Ka riƙe wannan: idan ka ga adireshi ya fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ta nemi adireshi ba wanda ya ba ta, sai ta ƙirƙiro wa kanta. Rautar za ka duba ko igiyar.

Sai gwajin ping, wanda kamar sallama ce, ka yi ka ji ko za a amsa. Na rubuta ping 192.168.8.1, rauta ta amsa. Na rubuta ping 8.8.8.8, wata na'urar Google ce a waje, ta amsa. Na rubuta ping google.com, ya amsa. Da na biyun ya amsa na ukun ya ƙi, da na san DNS ne, wato littafin da ke mayar da suna zuwa lamba, kamar yadda wayarka take mayar da "Umma" zuwa lambarta. Duka sun amsa, amma burauza shiru. Na koma Internet Options, Connections, LAN Settings. Ga furoksin kafe nan zaune da alamarsa. Na cire alamar.

Kar ka ce wannan labarin tsofaffi ne. Duk wanda ya taɓa sa saitin burauzin kyauta a wayarsa, ya rubuta wata lamba a gurbin Proxy na APN, ko ya sauke wani VPN ya manta da shi, irin wannan ciwon yake ɗauke da shi. Wayoyi nawa aka kawo min ana cewa injin netwok ya ƙone, ashe tsohon furoksi ne.

MATSALA TA UKU: MODEM ƊIN DA KAMFANINSA YA MUTU

Ina cikin murna sai wata manhaja ta buɗe kanta tana neman a soka modem. Alhaji ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan abu kamar filashi, ya ce da wannan yake hawa bayan ya sayi kwamfutar. Modem ne na wani kamfanin CDMA da ya daɗe da rufewa. Ko sabo ne fil ba zai yi aiki ba, don turakun da yake magana da su an kashe su.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya canja komai. A watan Janairun 2001, zamanin Obasanjo, NCC ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Sim ya kai naira 20,000, kira naira 50 a minti ko da daƙiƙa biyar ka yi. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa farashi ya fara karyewa. Shi Econet ya yi ta canja suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017.

A gefe guda akwai kamfanonin CDMA irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone. Nasu tsarin daban ne da GSM, kuma akwai lokacin da modem ɗinsu shi ne abin yayi a ofisoshi da shagunan Kano. Amma bayan an ba da lasisin 3G a 2007, kamfanonin GSM suka fito da nasu modem ɗin, ga su da turaku ko'ina, sai CDMA ya fara ja da baya. MTN ya saye Visafone a farkon 2016.

Abin da zai ba ka mamaki, modem ɗin 3G ma kira yake yi kamar na tarho. Lambar da yake bugawa ita ce *99#, kuma idan kati ya ƙare ko APN ba daidai ba, lambobin matsala irin na da yake nunawa, su 619 da 678. An canja waya zuwa iska, amma tsarin gaisuwar yana nan.

A 2010 igiyoyin Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas, WACS ta biyo a 2012. Data ta fara araha. Ga BlackBerry, ga Opera Mini da 2go a kan ƙananan Nokia, ga kasuwar Farm Centre ta cika da wayoyin Android. Mutum ya ga abin da yake biyan kuɗin awa a kai ya dawo aljihunsa. Haka kafe suka yi ta rufewa, waɗanda suka rage suka koma buga takardu da rajistar jarrabawa, kwamfutocinsu suka watsu a gari. Ɗaya daga ciki ita ce a kan teburina. Na goge manhajar modem ɗin na wuce.

MATSALA TA HUƊU: WI-FI YANA NAN AMMA BA TA GANIN SA

A gidan Alhaji babu rauta, sai wayar jikansa. Don haka na sa wa kwamfutar ɗan ƙaramin abin kama Wi-Fi na USB, tsohon yayi, muka kunna hotspot. Ta ga na maƙwabta, ta ƙi ganin namu da ke kusa da ita.

Dalili shi ne Wi-Fi yawanci hanya biyu yake bi, 2.4GHz da 5GHz. Tsofaffin na'urori ta farkon kawai suka sani. Sabbin wayoyi da yawa kuma suna buɗe hotspot a ta biyun don ta fi gudu. Ka shiga saitin hotspot, ka nemi AP Band, ka mayar 2.4GHz. Nan take sunan ya fito.

Ta gan shi kuma ta ƙi shiga. Wannan matsalar kwaɗo ce. Wi-Fi ya fara da kwaɗon WEP, aka gano ɓarayi suna buɗe shi cikin mintuna, aka kawo WPA a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Ita Windows XP a 2001 ta fito, kafin a haifi WPA2. Sai an ɗora mata Service Pack 3 na 2008, ko wani ɗan gyara na musamman, take gane shi. WPA3 kuwa ba ta san da zamansa ba. Na ɗora mata, na sa wayar a WPA2, ta shiga.

Shawara a nan: kar ka cire kalmar sirri gaba ɗaya don tsohuwar na'ura ta samu shiga. Unguwa ce za ta shanye maka data kafin la'asar.

MATSALA TA BIYAR: AGOGO DA TAKARDAR SHAIDA

Yanzu komai ya haɗu, amma duk shafin da na buɗe sai gargaɗi ya fito, ko a ce ba za a iya nuna shi ba. Na kalli agogon ƙasan allo: 1 ga Janairu, shekara fiye da ashirin baya.

A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo, CR2032, irin na rimot ɗin mota. Shi yake riƙe lokaci idan an kashe ta. Idan ya mutu, kullum ta tashi sai ta koma wata tsohuwar rana da aka saita mata tun daga kamfani. Shafukan yanzu masu https kowanne yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da take ganin muna 2004, idan aka nuna mata takardar bana, cewa za ta yi ta bogi ce. Na canja batir, na gyara rana.

Wasu shafukan suka buɗe, yawanci suka ƙi. A nan na kai inda gyara ya ƙare. Internet Explorer 8, na ƙarshe da XP take ɗauka, da tsohon tsarin ɓoye saƙo na TLS 1.0 yake magana, kuma manyan burauza da shafuka sun yi watsi da shi tun 2020. Microsoft ta daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu 2014. Chrome ya tsaya mata a lamba 49, Firefox a 52. Sannan ranar 30 ga Satumba 2021 wata babbar takardar shaida da miliyoyin shafuka suka dogara da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori da yawa suka wayi gari ba sa buɗe su. Na ɗora Firefox 52, wanda yake zuwa da nasa takardun, Google ya buɗe, wasu shafukan labarai suka buɗe a karkace.

Na kira Alhaji na ce, "Baba, ta hau. Wane imel ne?"

Ya ce shi bai san wani adireshi ba, wani hoton ambulan yake dannawa. Na duba, Outlook Express ne. Na buɗe. Ya yi ƙoƙarin ɗauko sabbin saƙo ya kasa, don kamfanin da ya ba shi akwatin babu shi. Amma tsofaffin saƙonnin duk ga su nan a jere, daga 2007 har 2011. A tsarin wancan lokacin, da yake intanet tsada ce, manhajar takan sauke saƙo ta ajiye a cikin kwamfutar don ka karanta bayan ka yanke layi. Wato abin da muka kwana biyu muna nema a intanet, tun farko yana cikin hadis ɗinta.

Muka samu saƙon, da takardar Excel a maƙale. Alhaji ya sa tabarau ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce kason marigayin ya fi abin da yake tsammani. Na kwafe komai a filashi, na duba shi da maganin bairos, muka buga a takarda kwafi uku, na kuma tura wa babban ɗansa a waya. Daga nan na cire abin Wi-Fi ɗin na ce kar a sake haɗa ta da intanet. Kwamfutar da ba a yi mata rigakafi tun 2014, gida ne ba ƙyaure. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, abin ya kai Microsoft ta fito da gyaran gaggawa har ga XP da ta riga ta sallama.

ABIN DA ZA KA ƊAUKA KA YI AMFANI DA SHI A WAYARKA

Wayarka ma wannan layin take bi, kuma ita ma za ta tsufa. BlackBerry ta kashe sabis ɗin tsofaffin wayoyinta ranar 4 ga Janairu 2022. WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0 a watan Oktoban 2023. Ga 4G da ya bazu daga 2016, ga 5G da MTN ya fara a 2022 har da Kano cikin biranen farko. Don haka idan ta ƙi hawa, bi ta daga kusa zuwa nesa:

1. Fara da jiki. Sim yana zaune daidai? Akwai sandunan sabis? Kunna Airplane mode na daƙiƙa goma ka kashe.

2. Duba kuɗinka. Data ta ƙare ko ranarta ta wuce? Wannan ita ce 691 ta zamaninmu.

3. Duba ƙofa. Shiga Access Point Names ka danna "Reset to default". Gurbin Proxy da Port su zama babu komai.

4. Kashe duk wani VPN, ka mayar da Private DNS zuwa Automatic.

5. Duba rana da lokaci, ka sa su a kan na kai-tsaye.

6. Idan hotspot ne wata na'ura ta ƙi gani, 2.4GHz da WPA2.

7. Gwada sim ɗinka a wata wayar, ka gwada wani sim a taka. Nan za ka san wayar ce ko layin.

8. Tambayi na kusa da kai. Idan kowa yana kuka, ka ajiye wayarka ka huta.

Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da manhajojin banki suka tsaya, masu POS suka yi cirko-cirko? Igiyoyi huɗu ne suka lalace a ƙarƙashin teku ta wajen Kwaddibuwa: WACS, ACE, Main One da tsohuwar SAT-3. A ranar mutane sun yi ta zuwa shagona a yi musu filashin. Da na biye musu, da na goge musu hotuna da lambobi a banza, alhali matsalar tana can ƙasan ruwa, nesa ƙwarai da Kano.

Kai, ko saƙon farko da aka taɓa turawa a kakar intanet, ARPANET, ranar 29 ga Oktoba 1969 a Amurka, bai isa cikakke ba. LOGIN suka so rubutawa, suna kai L da O na'urar ta tsaya. Suka bi suka gano inda ta maƙale, suka gyara, bayan kamar awa ɗaya suka sake turawa ya tafi.

Abu na ƙarshe. Idan akwai tsohuwar kwamfuta ko waya a ɗakin babanka ko a ƙarƙashin kanta a shago, kar ka bayar da ita a kilo kafin a buɗe a ga abin da ke ciki. A kwafe takardu da hotuna a wuri biyu, a goge hadis ɗin, sannan a sayar. Mu a nan Ƙofar Ruwa kullum muna ganin ana auna irinsu da tsofaffin ƙarafa, ba wanda ya tambayi me aka ajiye a ciki.

Bayan sati biyu Alhaji ya biyo ta shagon, ya ce an yi rabo lafiya, kowa ya karɓi haƙƙinsa. Kwamfutar tana gidansa, ya ce jikokinsa su koyi taifin da ita.

Wanda ya yi zamanin kafe a cikinku, ya faɗa mana a wace unguwa yake zuwa kuma nawa yake biyan awa. Wanda kuma wayarsa take ba shi matsalar netwok, ya rubuto irin wayar da abin da take nunawa, in sha Allahu zan amsa daidai iyawata. Darasi na gaba za mu yi shi ne a kan yadda ake kwashe hotuna da lambobi daga wayar da gilashinta ya mutu.